Majigin Hitila da Majigin Turawan Mulki

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma akwai ganin da ke ɓad da mutum fiye da ji, kuma labarin Jamus ya isa shaida.

A shekarar 1933 Hitila ya hau mulkin Jamus. Nan da nan ya kafa ma'aikatar farfaganda, ya danƙa ta a hannun Gobels, wanda ya mallaki jaridu da rediyo da gidajen silima. A shekarar 1934 wata mace mai suna Leni Riefenstahl ta ɗauki hoton babban taron jam'iyyar Nazi a birnin Nuremba. Ta riƙa ɗaukar Hitila daga ƙasa don ya zama kamar ya fi kowa tsawo, ga dubban mutane sahu-sahu a gabansa. Duk wanda ya kalla sai ya zaci Jamus baki ɗaya bakinsu ɗaya. Ba a nuna masa waɗanda aka kulle saboda sun ƙi bi ba. A shekarar 1940 kuma aka fito da wani fim na zagin Yahudawa. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, an hallaka Yahudawa wajen miliyan shida.

Ingilishi ma ba su yi barci ba. A shekarar 1939, da yaƙi ya tashi, suka kafa ofishin shirya majigi don ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda dā ma'aikacin tsabta ne a Ikko. Motar majigi takan sauka a ƙofar gidan sarki ko hakimi, a kafa farin ƙyalle bayan sallar isha'i, tafinta yana bayani da Hausa. Ana nuna tsabta da noma, ana kuma nuna ƙarfin sojan Sarkin Ingila don samari su shiga soja.

Ba a haɗa wannan da muguntar Hitila, amma dabarar ɗaya ce: mai riƙe da abin ɗaukar hoto shi ke zaɓen abin da za a gani.

Saboda haka wanda ya koyi karatu a Dutsin-Ma ko Kurfi, in ya ga hoto mai motsi, ya kamata ya tambayi kansa abu uku: wa ya shirya shi, me yake nema, me kuma ya ɓoye? Amfanin ilmi ke nan.