Gidan Kai ko Gidan Haya: Taƙaitaccen Tarihin Masaukin Shafukan Intanet

Gabatarwa

Kowane shafin intanet yana zaune ne cikin wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira uwar garke. Tambayar ita ce: a hannun wa wannan kwamfuta take, mai shafin ko wani kamfani? Tarihin intanet ya gwada hanyoyin biyu, kuma kowacce ta nuna amfaninta da aibinta.

Mafarin Al'amari

A shekarar 1990, Tim Berners-Lee ya ɗora shafin farko na duniya a kan kwamfutarsa ta aiki, samfurin NeXT, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba. Har takarda aka manna a jikinta, ana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. Ke nan tun asali mai rubutu shi ne mai masauki. Bayan CERN ta sakar wa jama'a fasahar kyauta a watan Afrilun 1993, jami'o'i da ɗaiɗaikun masana suka bi wannan sahu, musamman da manhajar Apache ta fito a 1995.

Zamanin Haya

Sai dai riƙe uwar garke a gida ba ƙaramin aiki ba ne. Layin tarho na lokacin ba shi da sauri, lambar adireshin kwamfuta tana sauyawa, ga masu kutse, ga buƙatar lantarki dare da rana. Wannan giɓi ne GeoCities ya cike tun daga 1994, inda ya riƙa raba wa mutane fili kyauta, ya kasa shafukan unguwa-unguwa tamkar birni. Yahoo ya saye shi a 1999 da hannayen jarin da suka haura dala biliyan 3. A watan Oktoban 2009 kuwa ya rufe shi, miliyoyin shafuka suka salwanta, in ban da abin da ƴan sa-kai na Archive Team da ire-irensu suka ceto. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Biyan kuɗi ma bai zama kariya ba: gobarar da ta tashi a cibiyar OVH ta birnin Strasbourg na Faransa a Maris 2021 ta cinye bayanan waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba.

Komawa Gida

Fitowar ƴar ƙaramar kwamfuta mai araha, Raspberry Pi, a 2012 ta farfaɗo da tsohuwar al'ada. A 2018 mujallar Low-tech ta ɗora shafinta a kan na'ura mai aiki da hasken rana a Basalona, ta kuma yarda ya riƙa ɗaukewa idan hadari ya daɗe. A ƙasashenmu na Sahel rana ba ta ƙaranci, amma akasarinmu da layin wayar salula muke shiga intanet, kamfanonin kuma sukan haɗa mutane da yawa a lambar adireshi guda, ta yadda baƙo daga waje ba zai iya isowa kwamfutar gida ba.

Kammalawa

Gida yana ba da ƴanci tare da ɗawainiya, haya tana ba da sauƙi tare da dogaro ga wani. Duk wanda ɗalibi ya zaɓa, ya yi rajistar sunan shafin da sunansa, ya kuma adana cikakken kwafin rubutunsa a hannunsa. Mai waɗannan biyu, ko an tashe shi daga masauki, zai kwashe kayansa ya sake zama.