Shaihu Umar: littafin satar mutane da ya zama fim

1/ Masu gardamar "littafi ya fi fim", ku matso. Tun kafin Kannywood aka mayar da littafin Hausa fim.

2/ Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar don gasar Rupert East ta 1933. Ana karanta shi kamar tarihin wani malami, amma cikinsa laifi ne zalla. An yi wa Makau ƙazafi, an sace Umar yana yaro, uwarsa ta bi sahunsa, ita ma aka sayar da ita.

3/ A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Daga baya fim ɗin ya ɓace. Sai 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara, aka haska a Berlin a 2018.

4/ Wasu na cewa yana jan ƙafa. Gaskiya ne, ni ma littafin na fi so. Amma ɗan Safana ko Batsari da ya san dajin Rugu, wallahi ba zai kalli uwar nan tana neman ɗanta ya ce labarin da can ne ba.