Tsargiya a bakin Gagere: tarihin cutar da aka ɗauka alamar girma

Da zarar damina ta janye, Gulbin Gagere yakan koma shimfiɗar yashi, sai 'yan tafkuna nan da can. A Ƙaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi da ke kusa da Gulbin Bunsuru, waɗannan tafkuna da kududdufan da aka haƙa don buga tubali su ne wurin wankan yara tun kaka da kakanni. Nan suke koyon ninƙaya, nan suke su, nan suke shayar da awaki. Daga nan kuma da yawansu ke komawa gida da abin da ake kira tsargiya: yaro ya gama fitsari, sai ɗigon jini ya biyo a ƙarshe.

An daɗe ba a tayar da hankali kan wannan jini ba. Wasu sun ɗora laifin a kan zafin rana, wasu kuma sun ɗauke shi alamar balaga, wai yaro ya fara zama namiji. Ba abin mamaki ba ne. Idan kusan kowane yaron unguwa na yin abu, ido yakan saba da shi har a daina ganinsa a matsayin ciwo.

Amma wanda ya san aikin ƙoda ba zai yarda da wannan ba. Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan guda. A kwana ɗaya sukan tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar wa jiki kusan dukkansa tare da sukari da gishirin da yake buƙata, su bar kamar lita ɗaya da rabi na fitsari. Fitsarin ya gangara ta siraran bututu biyu zuwa mafitsara, ya jira lokacin fita. Kamar rariya mai ƙananan idanu matatun suke, ƙwayoyin jini ba sa iya ratsawa. Saboda haka duk jinin da aka gani a fitsari, wani wuri ne ya ji rauni a hanya.

Cutar ta girmi Gobir da Zamfara nesa ba kusa ba. A 1910 wani likita mai suna Marc Armand Ruffer ya gano ƙwayayen tsutsar da ke haddasa ta a cikin ƙodar gawarwakin mutanen Masar da suka mutu shekaru kusan 3,000 da suka wuce. Kafin shi, a 1851, wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar da idonsa yayin binciken gawa a wani asibiti na Alƙahira. Abin da ya gagari masana shi ne yadda take shiga jiki. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ƙananan dodon koɗi na ruwa su ne masaukinta.

Ga yadda abin ke zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa. Bayan 'yan makonni dubbai su fito suna iyo, ido ba ya ganinsu, su huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ba sai an sha ruwan ba. A cikin jiki tsutsotsin sukan girma, mace da namiji su tare a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai na da ɗan tsini a ƙarshensa, kuma ratsawar da yake yi ta bangon mafitsara ce ke kawo jinin.

Ƙwayayen da suka maƙale sun fi waɗanda suka fita ɓarna. Sukan bar tabo, bangon mafitsara ya yi tauri, bakin bututun da ke saukowa daga ƙoda ya tsuke. Fitsari ya rasa hanya ya taru a sama, ƙoda ta kumbura, ta riƙa lalacewa a hankali ba tare da ciwo mai tsanani ba. Yaron da jininsa ya ɗauke yana da shekara ashirin, aka ce ya warke, zai iya tashi a shekara arba'in da ciwon ƙoda ko dajin mafitsara. 'Yan mata masu wanki a bakin ruwa ma ba su tsira ba, don cutar takan taɓa mahaifa, kuma kunya ta hana a faɗa.

Maganin farko, wanda aka fara amfani da shi a Hartum a 1918, allura ce mai guba da ake yi ta jijiya har makonni. A shekarun 1970 kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar da praziquantel, ƙwayar da ake sha sau ɗaya. A daidai wannan lokaci masana irin su Pugh da Gilles suna Malumfashi suna nazarin tsargiya a ƙauyukan Hausa, kuma a daidai lokacin ne ake gina manyan madatsun ruwa. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, ta kawo noman rani, amma ruwan magudanai mai tafiyar hawainiya shi ne abin da dodon koɗi ya fi so.

Tun 2007 Merck ke bayar da maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ƙungiyar Sightsavers na cikin masu tallafa wa rabonsa a Zamfara. Malami kan tsayar da ɗalibi jikin sandar awo, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, bayan an tabbatar ya ci abinci.

Sai dai maganin tsutsar jiki kawai yake kashewa, ta tafki tana nan, kuma yaron da garinsu ba rijiyar burtsatse gobe ma can zai koma. Rabon kuma ya fi bin makarantun boko, alhali a Zurmi da Shinkafi rashin tsaro ya sha rufe makarantu ya tarwatsa ƙauyuka. Almajirai da yaran makiyaya da 'ya'yan masunta, waɗanda suka fi kowa shiga ruwa, su ne suka fi tsallake layin. Wanda ƙodarsa ta gaza a cikinsu sai an kai shi wankin ƙoda Gusau ko Sakkwato, sau biyu ko uku a mako, ko a nemi dashe a asibiti irin na Malam Aminu Kano, wanda ya fara wannan aiki a 2002. Kuɗin hakan ya fi ƙarfin amfanin gonar yawancin magidanta na shekara guda.