Aure a takardar haraji: asalin shari'ar Windsor a Amurka, 1948-2013

Wannan ƴar ƙasida tana bin diddigin yadda gardamar auren jinsi ɗaya a Amurka ta shiga Kotun Ƙoli ta ƙofar haraji. Galibi akan faro labarin ne daga 1996. A ganinmu sai an koma 1948, shekarar da gwamnatin tarayya ta mayar da aure ma'aunin haraji. Tun daga lokacin, duk wanda ya fayyace ma'anar aure a doka ya taɓa aljihun mutane ke nan, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Harajin kuɗin shiga na tarayya, wanda aka kafa a 1913, hawa-hawa ne: gwargwadon yawan samu, gwargwadon girman kason da ake cirewa. Dokar aure kuwa ta jihohi ce, kuma sun bambanta. Wasu, kamar Kalifoniya da Texas, sun gaji tsarin Sifaniya, inda abin da miji ko mata ya samu cikin zaman aure na su biyu ne, rabi da rabi (wanda ya karanta dokar Faransa ba zai ga baƙon abu a nan ba). A 1930, cikin shari'ar Poe da Seaborn, Kotun Ƙoli ta yarda ma'auratan irin waɗannan jihohi su raba samunsu gida biyu, kowane rabi ya faɗa matakin haraji na ƙasa. Sai ga magidanta biyu masu albashi daidai, amma ɗaya ya fi ɗaya biya saboda jihar da yake zaune kawai. Da haraji ya yi nauyi a shekarun yaƙin duniya na biyu da bayansa, jihohi irin su Oklahoma, Michigan da Nebraska suka sauya dokokin aurensu don jama'arsu su ci wannan moriya. Majalisar Dokoki ta kashe wutar a 1948: ta ba dukan ma'aurata damar cika takarda ɗaya a raba samun biyu, ta kuma yafe harajin gado a kan abin da mamaci ya bar wa abokin aurensa, har zuwa rabin dukiyar. A 1981 aka cire wannan iyaka ɗungurum.

Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan lokaci hukumar haraji ba ta da nata ma'anar aure. Wanda jiha ta ce ya yi aure, ya yi. Dokar Kare Aure, wadda shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, ita ce ta karya wannan al'ada. An yi ta ne bayan wani hukuncin kotun Hawaii na 1993 da ya nuna alamar jihar za ta iya halatta auren jinsi ɗaya. Sashe na 3 ya ce a dokokin tarayya aure na namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Ofishin bincike na Majalisa ya ƙirga a 1997, ya tarar da dokoki 1,049 da suka dogara da matsayin aure. A lokacin babu jihar da ke ɗaura irin wannan aure, saboda haka sashen bai ciji kowa ba sai a 2004, da Massachusetts ta fara. Daga nan mutum ɗaya ya zama mai aure a takardar harajin jiha, marar aure a ta tarayya.

Edith Windsor da Thea Spyer sun zauna tare a New York fiye da shekara arba'in, suka yi aure a Toronto ta Kanada a 2007. Spyer ta rasu a 2009, ta bar wa Windsor dukiyarta. Da miji ne ya rasu ya bar ta, ko sisi ba za a nema ba. Amma saboda sashe na 3 ta biya dala 363,053. Ta shigar da ƙara a 2010 tana neman a mayar mata. A 2011 gwamnatin Obama ta daina kare sashen a kotu, ko da yake ta ci gaba da aiki da shi, sai shugabannin Majalisar Wakilai suka ɗauki lauyoyi suka kare shi. Ranar 26 ga Yuni 2013 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka soke sashen. Mai shari'a Anthony Kennedy ya kafa hujja da gyara na biyar na tsarin mulki, da kuma cewa jihohi ne ke tsara aure tun asali. Mai shari'a Antonin Scalia, cikin masu adawa, ya yi hasashen hukuncin zai kai ga rusa haramcin da jihohi suka yi. Hakan ta faru a 2015, a shari'ar Obergefell.

Saura tambaya ɗaya: waɗanda suka yi aure a jiha mai halattawa, suke zaune a wadda ta haramta fa? A watan Agusta 2013 hukumar haraji ta ce wurin ɗaurin aure za ta duba, ta kuma ba da damar neman abin da aka biya fiye da kima a shekaru ukun baya.

Nan ne abin da ba a cika faɗa ba ya fito. Gyaran da aka yi a 1969 don sassauta wa marasa aure ya sa ma'aurata biyu masu albashi kusan ɗaya sukan biya fiye da yadda za su biya da ba su yi aure ba. Tsarin 1948 an ɗinka shi ne a jikin gida mai mai nema ɗaya. Saboda haka bayan hukuncin, gidan da mutum ɗaya ke samu ya sami sauƙi, da yawa daga gidajen da duka biyun ke aiki kuwa harajinsu ƙaruwa ya yi, kuma daga 16 ga Satumba 2013 ba su da sauran izinin cika takarda a matsayin marasa aure. Ita Dokar Kare Aure ta ci gaba da zama a kundi ba ta aiki, har Majalisa ta shafe ta a 2022.