Dafa Giya a Gida a Ingila: Daga Lasin zuwa Kwalba

Tun daga shekarar 1880, lokacin da Gladstone ya ɗauke haraji daga kan tsiron sha'ir ya ɗora shi kan giya, doka ta wajabta wa duk mai son dafa giya a gidansa a Ingila ya yanki lasin. Haka al'amarin ya kasance har 1963, sa'ad da Ministan Kuɗi, Reginald Maudling, ya soke wannan sharaɗi.

Soke lasin ya buɗe kasuwar haɗaɗɗun kaya, wato gwangwanin ruwan tsiro mai kauri da ƙunshin yis, waɗanda kantuna irin su Boots suka riƙa sayarwa. Gwangwani guda yakan ba da kimanin lita 23. Da yake masana'anta ta riga ta gama dahuwa, gwanintar mai gida sai ta koma ga tsimi. Bayan tsimin farko a bokiti, yakan zuba ɗan sukari a kowace kwalba ya toshe. Ragowar yis ya cinye sukarin, iskar da ta fito ta narke cikin giyar, laka ta kwanta a gindi. Wannan yakan ɗauki kamar mako biyu a wuri mai ɗumi, sannan wasu makonni a sanyi kafin ɗanɗano ya daidaita. Wanda kuwa ya yi gaggawar ɗuri, ko ya cika sukari, kwalbarsa takan fashe.