Murhun Gargajiya da Ingantaccen Murhu: Girki da Jin Ɗumi a Lokacin Hunturu a Kudancin Jihar Kano

Gabatarwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko wa Jihar Kano daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura da sanyi. A watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da dare, kuma a garuruwan da ke kan tudu ko a bakin ruwa, kamar Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa da Tiga a Ƙaramar Hukumar Bebeji, an fi jin sanyin a jika. A wannan lokaci ne cin itace yake ƙaruwa a kowane gida, domin wutar da ake girki da ita, ita ce ake dafa ruwan wanka da na alwala, ita ce kuma yara da tsofaffi suke kewayewa su ji ɗumi.

Ingantattun murhuna, wato waɗanda aka tsara don rage cin itace da hayaƙi, sun daɗe da shigowa ƙasar nan. Tambayar da ya kamata magidanci ya yi kafin ya sayi ɗaya ita ce: shin sabon murhu zai maye gurbin tsohon a wajen girki da jin ɗumi baki ɗaya? Mun tanadi wannan bayani ne domin al'ummar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da kuma jami'an da ke aiki a tsakaninsu.

Murhun gargajiya da hanyoyin jin ɗumi na da

Murhun da muka gada duwatsu uku ne, ko tubala uku, a ɗora tukunya a kai, a cusa itace ta kowane gefe. Yana da fa'idojin da ba za a raina ba. Ba a sayensa da kuɗi, yana ɗaukar kowace irin tukunya, tun daga ta miya har ta biki, kuma yana cin kowane irin makamashi: gungume, ƙirare, kara, totuwar masara ko kashin shanu. Yana ba da haske da dare, hayaƙinsa yana korar sauro, yana kuma kare irin shuka da aka rataya a saman madafa daga ƙwari.

Illarsa ita ce ɓarna. Gwaje-gwajen da masana makamashi suka yi sun nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin itacen yake shiga tukunya. Sauran yana watsewa ne a iska. Idan a tsakar gida ake girkin, iskar hunturu ce ke kwashe shi. Idan kuma a cikin ɗaki ne, ɗakin yakan yi ɗumi, amma tare da hayaƙi. Shi kansa hayaƙin itace ne da bai gama ƙonewa ba, wato kuɗin mai gida ne ke fita ta taga.

Baya ga murhu, iyayenmu suna da hanyoyi biyu na ɗumama ɗaki. Ta farko ita ce kaskon wuta, wanda ake zuba wa garwashi bayan an sauke tuwon dare, a shiga da shi ɗaki. Ta biyu ita ce gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, inda ake sa wuta don tsofaffi da masu jego. Hikimar gadon ƙasa ita ce laka tana shan zafi a hankali, ta kuma sake shi a hankali har asuba.

Yadda ingantaccen murhu yake aiki

Duk da bambancin sura da suna, ingantattun murhuna sun ginu ne a kan ƙa'idoji huɗu. Na ɗaya, bango yana kewaye wutar, don kada iska ta kwashe zafi. Na biyu, iska tana shiga ta ƙarƙashin itace, wanda ke sa ya ƙone sosai, hayaƙi ya ragu. Na uku, tukunya tana zama a cikin murhun, da 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakaninta da bango, ta yadda harshen wuta zai lashi gindinta da gefenta. Na huɗu, ana amfani da itace busasshe da aka faskara ƙanana, kaɗan-kaɗan.

Ire-iren da aka fi sani su ne:

1. Murhun laka. Ana gina shi a gida da yumɓu ko ƙasar suri, a cuɗa da yankakkiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, a auna shi da tukunyar da za a riƙa ɗorawa. Sai an bar shi ya bushe a inuwa kafin a hura wuta. Idan an gina shi daidai yana rage cin itace da kimanin sulusi, wani lokaci har zuwa rabi. Yakan tsage, don haka yana bukatar yaɓe lokaci-lokaci da kariya daga ruwan sama.

2. Murhun ƙarfe na maƙera. Misalinsa shi ne Mai Sauƙi, wanda ya yaɗu a Jamhuriyar Nijar tun shekarun 1980. Ana iya ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, kuma maƙerin gari zai iya ƙera shi.

3. Murhun roket, wanda Dokta Larry Winiarski ya tsara a Amurka a farkon shekarun 1980. Cikinsa kamar gwiwar hannu yake: itace na shiga ta ƙasa, wuta na hawa ta gajeren bututu zuwa gindin tukunya.

4. Save80, murhun ƙarfe marar tsatsa da ke zuwa da tukunyarsa. Sunansa ya samo asali ne daga cewa yana iya rage cin itace har kashi 80 cikin 100. Ƙungiyar DARE da ke Kaduna, tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, ita ta fara yaɗa shi a arewacin ƙasar nan a shekarun 2000, daga baya aka kafa masana'antar ƙera shi a Kano.

5. Murhun gawayi mai rufin yumɓu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a Kenya a shekarun 1980. Ya fi kurfoti na ƙarfe zalla riƙe zafi.

A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana tsara ingantattun murhunan itace. Haka kuma a shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsaftataccen girki.

Shin sabon murhu yana ɗumama ɗaki?

A nan ne ya kamata a yi hattara. An tsara ingantaccen murhun girki ne don ya tura zafi cikin tukunya, ya hana shi watsewa. Zafin nan da yake hanawa ya watse, shi ne wanda iyali suke jin ɗumi da shi a gaban murhun duwatsu uku. Saboda haka gidan da ya koma sabon murhu zai ga itace yana auki, abinci na saurin nuna, amma madafa ba ta yin ɗumi kamar da. Wannan ba aibin murhun ba ne, aikin da aka yi shi dominsa ke nan.

Haɗarin yana zuwa ne daga abin da ke biyo baya. Wasu gidaje sukan jingine sabon murhun har sai sanyi ya wuce. Wasu kuma sukan hura wuta ta biyu a kasko ko kurfoti su shiga da ita ɗaki, su rufe ƙofa da taga. Na farko sun yi asarar itace, na biyu kuwa sun sa rayuwarsu cikin haɗari.

Ƙasashen da suka fi mu sanyi sun warware wannan matsala da abubuwa biyu: bututun hayaƙi da gini mai riƙe zafi. A arewacin ƙasar Sin, manoma suna da gadon tubali da suke kira kang, wanda hayaƙin murhun girki yake bi ta cikinsa kafin ya fita waje ta bututu. Wuta ɗaya ce ke dafa abinci, ta kuma ɗumama gado, hayaƙi bai shiga ɗaki ba. Ɗan'uwan gadon ƙasarmu ne, bambancin kawai shi ne mafitar hayaƙi. Duk wanda zai gina murhun laka a cikin ɗaki ko gadon ƙasa, to ya sa bakin wutar a waje ko ya yi masa bututun da ya zarce rufi, ya nisanta bututun daga jinka da azara, ya kuma riƙa share kunkunniyar da ke taruwa a ciki.

Hayaƙi, gawayi da lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Hayaƙin itace yana da hannu a ciwon haƙarƙari na yara, da tari mai daɗewa, da ciwon zuciya, da yanar ido. Mata da goyon da ke bayansu su suka fi shaƙarsa. Ingantaccen murhu yana rage hayaƙi, amma ba ya kawar da shi, don haka girki a fili ko a madafa mai taga yana nan a matsayin wajibi.

Garwashi da gawayi sun fi hayaƙi yaudara. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu ko fiye. A rufaffen ɗaki mai barci ba ya jin komai, daga barci sai suma, daga suma sai rasuwa. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman idan sun kama mutanen ɗaki ɗaya a lokaci guda. Idan aka ga haka, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti mafi kusa. Kada a ɓata lokaci da zaton iska ce ko zazzaɓi.

Game da masu jego, tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciya da kumburin da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai tsananin zafi. Ɗumi matsakaici ya wadatar, kuma mai jegon da ta fara haki ko kumburin ƙafa a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Itace da dazuzzukanmu

Yankinmu ne ya fi ko'ina ruwan sama da itatuwa a Jihar Kano. A nan dajin Falgore yake, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, ga kuma dajin Ɗansoshiya a Ƙiru. Falgore yana kare ruwan da ke gangarawa madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma da ita ake noman rani a Kadawa. Idan aka sare daji, ruwan sama yakan kwashe ƙasa ya cike madatsa da yashi.

Bayan cire tallafin man fetur a 2023, tsadar rayuwa ta sa gidaje da dama a birni suka koma gawayi da itace, kuma nauyin ya faɗo kan ƙirya da marke da kaɗanya da ɗorawa. A yadda ake ƙona gawayi a rami, kilo ɗaya yana cin itace kilo biyar ko fiye. Alhali ɓuntun shinkafar Tudun Wada da totuwar masarar Doguwa makamashi ne mai kyau idan an sami murhun da ya dace da su.

Shawarwari ga magidanta

1. A yi girki da dafa ruwa a ingantaccen murhu ko da a lokacin sanyi, a rufe tukunya da murfi.
2. A tanadi itace tun da kaka, a faskara, a jera shi a kan dutse ya bushe. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, shi ya sa yake hayaƙi ba zafi.
3. Kada a kwana da garwashi ko gawayi a ɗaki. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.
4. A nemi ɗumin dare daga bargo da rigar sanyi da hula da safa, da shimfiɗa mai kauri a ƙasa. Tubalin da aka gasa a naɗe a tsumma yana ɗumama shimfiɗa.
5. Kada a ƙona leda, roba ko tsohuwar taya, kuma kada a hura wuta da fetur.
6. A nisanta wuta daga danga, rumbu da tarin kara. Kada a bar yaro ko mai farfaɗiya shi kaɗai a gabanta.

Aikin hukumomi da shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da su faɗakar da jama'a tun farkon Nuwamba, kafin sanyi ya kankama, ba su manta da makarantun allo inda ake hura wutar kara da dare ba. Malaman gona da duba-gari da ungozomomi su haɗa wannan bayani a cikin zagayensu. Ƙananan hukumomi za su fi cin riba idan suka horar da mata masu ginin tukwane da maƙeran gari, domin murhun da ake iya gyarawa a ƙauye shi ne yake daɗewa. Gwaji a bainar jama'a ranar kasuwa, kamar a Kwanar Dangora, inda za a dafa abinci iri ɗaya a murhu biyu a auna itacen da kowanne ya ci, ya fi doguwar lacca gamsarwa.

Kammalawa

Ingantaccen murhu ya fi na gargajiya a wajen girki, da tattalin itace, da rage hayaƙi. A wajen jin ɗumi kuwa, sai an yi masa tanadi na daban: bututun hayaƙi, gini mai riƙe zafi, da suturar sanyi. Gidan da ya raba waɗannan bukatu biyu zai rage kashe kuɗi, ya kuma kwana lafiya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kare mu daga gobara da cuta, Ya albarkaci Jihar Kano.