Imani ko Tilas? Sake Duba Dalilan Yaɗuwar Kiristanci a Daular Rum da Maƙwabtanta

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi muhawarar masana tarihi a kan abin da ya sa Kiristanci ya tashi daga ƙaramar jama'a a ƙasar Falasɗinu har ya zama addinin Daular Rum. Ta dogara da wasiƙun mahukunta, da dokokin sarakuna, da takardun da aka tono a Masar, sannan ta gwada Rum da Farisa. Matsayinta shi ne tilas ba ya bayyana bunƙasar addinin kafin shekarar 312 miladiyya, amma da wuya ya sami rinjayen da ya samu bayan nan in ba don hannun hukuma ba.

Gabatarwa

Muhawarar ta daɗe. A juzu'in farko na littafinsa a kan faɗuwar Daular Rum, wanda ya fito a 1776, Edward Gibbon ya kawo dalilai biyar: himmar mabiya, da alkawarin rayuwar lahira, da mu'ujizojin da ake jingina wa ikilisiyar farko, da tsabtar ɗabi'a, da ƙarfin tsarin shugabanci. Ramsay MacMullen a 1984 ya ƙara nauyi a kan labaran mu'ujiza, da kuma matsin lambar hukuma bayan ƙarni na huɗu ya kankama. Rodney Stark a 1996 ya karkata ga zumunci da taimakon juna, yayin da Catherine Nixey a 2017 ta mai da hankali kan rushe ɗakunan gumaka. Matsalar da na gani a yawancin gardamar ita ce ana haɗa shekaru ɗari takwas a tambaya guda, alhali wanda ke riƙe da takobi a farkon lokacin daban yake da wanda ke riƙe da shi a ƙarshe.

Lokacin da takobi ke hannun abokan gaba

Hujja mafi ƙarfi a wannan zango ta fito daga bakin wanda ba Kirista ba. Wajen shekarar 112, Filini Ƙarami, gwamnan Bitiniya a arewacin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara. Ya ce abin ya shiga birane da ƙauyuka, maza da mata, manya da yara, har ɗakunan gumaka sun kusa zama kufai, naman hadaya kuma ya rasa masu saye. Shi kansa ya sa an kashe waɗanda suka ƙi janyewa bayan ya tambaye su sau uku. A 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin waɗannan takardu a Masar. An fille kan Kibriyanus, bishop na Kartaj, a 258. A 303 Sarki Diyokiletiyan ya ba da umarnin rushe majami'u da ƙone littattafai.

Gaskiya ne tsanantawar tana zuwa ne jefi-jefi, kuma Kiristoci da yawa sun yi hadayar don su tsira, abin da ya haifar da rikici mai zafi a kan ko za a sake karɓarsu. Duk da haka, wanda ya karɓi baftisma a wannan zamani bai sami muƙami ko sassaucin haraji ba. Abin da zai iya samu shi ne kurkuku.

To me ya ja mutane? Stark ya yi lissafin cewa idan aka fara da mutum 1,000 a shekarar 40, aka riƙa ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari kowace shekara goma, za a haura miliyan 6 a shekarar 300, wato kusan kashi 10 cikin ɗari na mutanen daular, waɗanda ya ƙiyasta miliyan 60. Wannan zato ne na lissafi, ba ƙidaya ba, kuma bai kamata a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Amfaninsa ɗaya ne: ya nuna ba a buƙatar tuban dubban mutane a rana guda. Ya isa mata ta jawo mijinta, ɗan kasuwa ya jawo abokin cinikinsa, a yi ta haka shekara da shekaru.

Hujjar taimakon juna ta fi lissafin tsayawa da ƙafarta. Marubucin tarihin coci Yusebiyus ya adana wasiƙar Karniliyus, bishop na birnin Rum wajen 251, wadda ta nuna ikilisiyarsa tana da dattawa 46 da dikinoni 7, tana kuma ciyar da gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500. A lokacin annobar da ta ɓarke a tsakiyar ƙarni na uku, Diyonisiyus na Iskandariya ya bayyana yadda Kiristoci suka yi jinyar marasa lafiya suka binne matattu, wasunsu har suka kamu suka mutu. Mai shakka zai ce wannan yabon kai ne. Amma Sarki Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya nemi farfaɗo da bautar gumaka tsakanin 361 da 363, ya koka wa babban limamin gumaka na Galatiya cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba. Shaidar maƙiyi tana da nauyi. A nan ake ganin cewa abin da ake kira imani ya haɗa da abinci da jinya da jana'iza, kuma mabiyan ba su ɗauki waɗannan a matsayin wani abu dabam da aƙidarsu ba.

Bayan Kustantin

A 312 Sarki Kustantin ya ci yaƙi a gadar Milbiya, ya danganta nasarar ga Allahn Kiristoci, kuma a 313 shi da takwaransa Sarki Lisiniyus suka amince a Milan a bar kowa da addininsa. Kustantin bai tilasta wa talakawa baftisma ba. Abin da ya yi shi ne buɗe baitulmali: ya gina manyan majami'u, ya ɗauke wa limaman coci ɗawainiyar majalisun birane, ya ba bishop-bishop damar yin shari'a, ya kuma kira taron Nikiya a 325. Daga nan mai neman matsayi ya san inda iska ke kaɗawa. Binciken Roger Bagnall na 1982 a kan sunayen mutane a takardun Masar ya nuna sunayen Kirista sun yi tashin gwauron zabo a cikin ƙarni na huɗu.

Tilas na zahiri ya biyo baya. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya ayyana aƙidar taron Nikiya a matsayin ta daula, a 391 da 392 kuma ya haramta hadaya ga gumaka. A wannan tsakanin aka rushe babban ɗakin gunkin Serafis a Iskandariya, a 415 kuma gungun Kiristoci suka kashe malamar falsafa Haifatiya a birnin. Agustin na Hippo, wanda da farko bai yarda da tilas ba, ya dawo ya kare amfani da hukuma a kan Donatawa, su ma Kiristoci ne. Babu adalci a binciken da ya rufe ido ga waɗannan. Sai dai Alan Cameron a 2011 ya nuna bautar gumaka a birnin Rum ta fi mutuwa saboda janye kuɗin hukuma da sauya sheƙar manyan gidaje, kuma yadda sarakuna suka yi ta maimaita doka guda alama ce cewa ba a cika bin ta ba. Ɗakin gunkin Isis na Filai a kudancin Masar bai rufu ba sai a zamanin Sarki Jastiniyan, a ƙarni na shida.

Abin da Farisa ke koyarwa

Hanya mafi kyau ta auna rawar hukuma ita ce duba inda hukumar ba ta taɓa karɓar addinin ba. A Daular Sasaniyawa ta Farisa, addinin sarauta na Majusawa ne, kuma Sarki Shafur na Biyu ya tsananta wa Kiristoci daga wajen 340 saboda zargin suna tare da Rumawa. Duk da haka ikilisiyarsu, wato Ikilisiyar Gabas, ta rayu, ta bi hanyoyin fatauci har ta isa babban birnin Sin a 635, kamar yadda dutsen da aka kafa a 781 ya tabbatar. Amma ba ta taɓa zama mafi rinjaye a Farisa ko a Sin ba. A Armeniya da Aksum ta Habasha kuwa, inda sarakuna Tiridat da Ezana suka karɓi addinin a ƙarni na huɗu, ya zama na ƙasa gaba ɗaya, har Ezana ya cire jinjirin wata daga kuɗinsa ya sa gicciye. A ganina wannan kwatanci shi ne ya fi raba gardama: wa'azi da zumunci suna iya gina jama'a mai jure wuya, rinjaye kuwa sai da fada.

Takobin Sharlaman

Inda masu cewa tilas ne suke da cikakkiyar gaskiya shi ne ƙasar Sakson, a arewacin Jamus ta yau. Sarki Sharlaman ya yaƙi Saksonawa daga 772 zuwa 804. Tarihin fadarsa ya ce an kashe mutum 4,500 a Ferden a 782, kuma dokarsa ta yanke hukuncin kisa ga wanda ya ɓuya don gudun baftisma. Abin lura shi ne suka ta taso daga cikin fadar. A 796 Alkuwin, babban malaminsa, ya rubuta cewa ana iya tura mutum cikin ruwan baftisma amma ba a iya tura shi ga imani, ya kuma zargi masu karɓar zakkar coci da korar mutane daga addinin. A 797 aka fitar da sabuwar doka ga Saksonawa wadda ta sassauta hukunce-hukuncen, ta mai da da yawa daga cikinsu tara, ko da yake yaƙin ya ci gaba har wasu shekaru bakwai, tare da kwashe dubban mutane daga garuruwansu.